Matambayi Ba Ya Ɓata: "Manaja Ya Ce In Sa Hannu, Shi Zai Amsa"

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duk a kan oga da na ƙasa da shi suke. Na ɗauki uku. Kamar yadda muka saba a wannan fili, na cire sunayen mutane da na wuraren aiki, kada wani ya rasa abincinsa ta dalilina.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin casar shinkafa a nan Gombe, watana goma sha ɗaya da fara aiki. Sau uku ke nan tirela na kawo shanshera, a takarda buhu 300, in mun ƙirga da 'yan dako sai mu samu 280. Manaja ya ce in rubuta 300 in sa hannu, in wani abu ya taso shi zai amsa. Biyun farko na sa. Daren na biyun ya turo mini dubu ashirin ta waya, wai kuɗin mai. Baba, mutumin nan aminin marigayi mahaifina ne, shi ya samo mini aikin bayan na yi shekara uku a zaune da takardar difloma. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce bin na gaba bin Allah. Mai kamfanin kuma ba mazaunin gari ba ne. Yaya zan yi?
Ɗanka, daga Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Da na kai ƙarshen wasiƙarka sai da na cire tabarau na yi shiru, domin inda kake tsayen nan na taɓa tsayawa.

A 1984 ne, ina ƙaramin ma'aikacin sito a wata ma'aikata a Bauchi, tun Gombe na cikin jihar Bauchi. Wata Alhamis bayan la'asar mota ta kawo siminti, na ƙirga, buhu arba'in babu. Shugabana, wanda tun da na fara aiki bai taɓa leƙo siton ba saboda ƙura, ranar sai ga shi da ƙafarsa. Ya dafa kafaɗata, ya kira ni da sunan da ake kirana a gida, ya ce in sa hannu, ragowar na tafe da safe, kome ya faru ai shi ne sama da ni. Takardar mai kwafi uku ce, da baƙar takardar kabon a tsakani. Har yau ina tuna yadda na danna biro da ƙarfi don hannuna ya fito raɗau a ta ukun, wai ni mai tsabtar aiki. Bayan wata takwas masu binciken kuɗi suka iso. Zamanin soja ne, ga WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a, ba a wasa. Kafin nan an yi wa mutumin canjin wurin aiki har da ƙarin girma. Na bi shi gida bayan magariba, ya bar ni a zaure har aka kira isha'i, da ya fito kuma ya dube ni ya ce wane siminti. An fi shekara ana yankar albashina. Kekena Raleigh da na yi adashe na saya, shi na sayar, na riƙa takowa ofis da ƙafa daga Jahun.

"Ni zan amsa" maganar baki ce, iska ke tafiya da ita. Ranar bincike ba a tambayar wa ya ce, hannun da ke kan takarda ake dubawa. Manajanka ya san haka, shi ya sa naka yake so ba nasa ba.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne rago a duniya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Stanley Milgram, ya gwada wannan abu a Jami'ar Yale a 1961, shekarar da ake shari'ar Adolf Eichmann, jami'in gwamnatin Nazi ta Jamus da ya kare kansa da cewa umarni kawai ya bi. Milgram ya gayyato mutanen gari, ma'aikatan gidan waya, malaman makaranta, leburori, ya ce musu bincike ake yi kan koyon karatu. Aka zaunar da kowanensu gaban wata na'ura mai maɓalli talatin, masu ƙarfin wutar lantarki daga bolt 15 har 450, aka ce duk sanda ɗalibin da ke ɗaure a ɗakin kusa ya yi kuskure a jona masa wuta, kuma a riƙa ƙarawa. Wutar gidajenmu ba ta wuce 240 ba, sai ka ƙiyasta. A gaskiya babu wutar, ɗalibin da shi aka shirya, amma mai danna maɓallin bai sani ba. Yana jin mutum na bugun bango, can kuma ya ji tsit. Cikin mutum 40, 26 sai da suka kai maɓallin ƙarshe. Suna gumi, jikinsu na rawa, wasu na wata dariya da ba ta daɗi ba, amma suna dannawa. Mai ba su umarnin ba bindiga gare shi ba, ba ya kuma iya korar kowa daga aikinsa, rigar ɗakin gwaji kawai ya saka yana cewa a ci gaba. In wani ya tsaya ya tambayi wa zai ɗauki alhakin, sai ya ce shi ne. Kalmar manajanka ke nan sak.

Masana sun soki gwajin daga baya, musamman kan irin halin da aka jefa mutane. Amma akwai ɓangarensa da ba a cika ba da labari ba, kuma shi ne zai yi maka amfani. Da Milgram ya sake tsari, ya zaunar da wasu mutum biyu kusa da mai dannawar suka ƙi ci gaba a kan idonsa, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Da kuma mai umarnin ya fita daga ɗakin yana magana ta tarho, kusan ɗaya cikin biyar ne suka bi. Wato muguwar biyayya ta fi kama mutum in yana shi kaɗai, mai umarni na tsaye a kansa. Sai da na karanta wannan, shekaru da yawa bayan simintin nan, na gane abin da ya sa shugabana ya shigo cikin ƙura ranar, bai aiko masinja ba.

Maganar Hajiya mahaifiyarka ba ƙarya ba ce. Da ita aka raine mu, da ita ake riƙe gida da kasuwa, kuma babu wurin aikin da zai kai wata guda in sai kowa ya gamsu sannan zai motsa. Amma tana da iyaka, kuma ba ni na sa iyakar ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura wata runduna ya naɗa musu shugaba, ya ce su yi masa biyayya. A hanya shugaban ya yi fushi, ya sa suka tara itace suka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna kallon juna, wasu suka ce ai gudun wuta ne ya kai mu ga Annabi. Da labari ya je masa, ya ce da sun shiga da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Sannan ka gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa a kamfanin nan manajan ma da na gaba gare shi. Shanshera ba tasa ba ce. Mai kamfani ne ya ɗauke ku ku biyun, ya ba ku amanar dukiyarsa, kai kuma aka ba ka makullin sito musamman don a samu idon da ba na manaja ba.

Fara da dubu ashirin ɗin nan. Mayar masa ta hanyar da ya turo, don waya ta riƙe shaida, ka ce ka gode Allah ya saka, amma ba ka saba karɓar abin da ba albashi ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, shi ma ya sani, don haka ya turo. In tirela ta gaba ta shigo kada ka ƙirga kai kaɗai. Kira direban, kira shugaban 'yan dako, in kuna da sikelin auna mota kira mai kula da shi, a ƙirga da babbar murya kowa na ji. Abin da aka samu shi za ka rubuta a takardar rakiyar kayan da babban littafin sito, direba ya sa hannu kusa da naka, ka ɗauki hoto da wayarka. Mu a zamaninmu ba mu da wannan gata.

In manaja ya zo, kada ka ɗaga murya, kada ka kira shi ɓarawo, ballantana a gaban yara. Rusuna ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: "Baba, 280 na ƙirga, 280 hannuna zai iya ɗauka. In akwai ragowa a hanya, ranar da ta iso zan rubuta ta da kwanan watanta. In kuwa umarni ne in sa 300, a taimaka a ba ni a rubuce in liƙa a fayil." Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, ban ga wanda ya yarda ya rubuta irin wannan umarni ba.

Biyun da ka riga ka sa wa hannu su ne matsalar. Buhu arba'in ne a wuyanka, daidai da nawa. Saboda haƙƙin abotarsa da mahaifinka, kada ka fara da tona shi. Samu baffanka ko kawunka, babba wanda yake jin nauyinsa, ya same shi a gida ya ce yaro ya tsorata, a cike giɓin nan a rufa wa juna asiri. Ba shi sati biyu. In ya toshe kunne, to mai kamfani ya ji daga bakinka kafin ya ji daga bakin odita, kuma ka faɗi naka laifin kafin ka faɗi na wani.

Ba zan ɓoye maka ba, kana iya rasa aikin. Manaja na da hanyoyi ɗari na gajiyar da ƙaramin ma'aikaci. In aka kore ka ba bisa ƙa'ida ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan ƙara tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma hotunan nan da shaidar mayar da kuɗin su za su yi maka magana. Shari'a dai na cin lokaci da kuɗi, kada ka dogara da ita kaɗai. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a kanka shi ne Gombe ba ta da faɗin da labari zai ɓata. Masu injin shinkafa da dillalan Tudun Hatsi duk sun san juna, kuma kowanensu na kwana da tsoron mai sitonsa. Yaron da aka ce an kore shi don ya ƙi ƙara buhu ba ya daɗewa a zaune.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni mace ce, shekarata 29. Mahaifiyata ta rasu bara ta bar mini shagon ɗinki kusa da kasuwar Wunti, da teloli takwas. Harkar kasuwanci na karanta a jami'a, don haka na zo da tsari: littafin sa hannu da safe, tarar naira 500 ga wanda ya makara, na kuma ƙara musu kuɗin kowane ɗinki. Duk da haka aikin sai baya yake yi. Ana saura sati uku ƙaramar salla biyu suka tafi. Abin da ya fi ci mini rai, in na ba da umarni sai su dubi wani dattijon tela da ya fi shekara ashirin a shagon, sai ya gyaɗa kai sannan su motsa. In sallame shi ne?
'Yarka, daga Bauchi.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta. A'a, kada ki sallame shi. Ranar da ya naɗe tabarmarsa, ina jin rabin waɗanda suka rage za su bi bayansa, masu kawo ɗinki kuma su bi su.

Kin gaji shago, kin gaji kekuna da makulli, amma akwai abin da ba ya shiga rabon gado. A 1959 wasu masana biyu a Amurka, John French da Bertram Raven, sun kasa ikon mutum a kan mutum gida biyar. Uku a jikin kujera suke: matsayin kansa, da ikon ba da lada, da ikon horo. Waɗannan kin same su ranar da aka miƙa miki makulli, kuma cikin shekara guda kin zare su duka ukun. Sauran biyun ba a miƙa su hannu da hannu, su ne gwaninta da girman da mutane ke ba wanda suke sha'awar zama kamarsa. A shagonki suna wurin dattijon nan. Shi ya san yadda ake yanka shadda mai tsada ba a yi asarar ko kamu ɗaya ba, shi ya san wace Hajiya ce ba a kai wa ɗinki da zare na reto, kuma ina kyautata zaton shi ya koya wa rabinsu riƙon almakashi. In sun dube shi kafin su motsa, ba raini ba ne kawai, tambaya suke yi ko abin da kika ce zai ɗinku.

Na ga irin wannan da idona. Da aka ƙirƙiro jihar Gombe ranar 1 ga Oktoban 1996 aka dawo da mu 'yan yankin daga Bauchi, sai aka ɗora mana wani matashi mai digiri, mu da muka girme shi nesa ba kusa ba. Muka zuba ido. A satin farko ya jawo benci ya zauna kusa da tsohon akawunmu, ya ce Baba a nuna mini yadda fayil ke tafiya a nan. Wata uku yana tambaya, ba ya jin kunyar cewa a sake masa bayani. Bayan nan in ya ce yau sai dare, ba mai duba agogo.

Tarar nan ki cire ta gobe da safe. Na farko dai Dokar Ƙwadago, a sashe na 5, ta hana mai aiki yankar ladan ma'aikaci da sunan tara. Na biyu kuma tela ba ma'aikacin ofis ba ne. Mutumin da ya kai ƙarfe biyun dare a kan keke don lokacin aka kawo wuta, ya iso takwas da kwata ki ce ɗari biyar, ai ba kuɗin ne zai ƙona masa rai ba. Ki auna su da ranar da aka yi wa mai kaya alkawari da kyan ɗinkin, agogon safe ki bar wa banki.

Kin yi mamakin yadda ƙarin kuɗi bai ƙara himma ba. Wani masani, Frederick Herzberg, ya tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200 a birnin Pittsburgh lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi jin haushinsa, ya fitar da sakamakon a 1959. Ya tarar ba daga rijiya ɗaya ake ɗebo su ba. Haushi yakan zo daga albashi, da dokokin wurin, da halin shugaba. Zumuɗin aiki kuwa daga ganin ka gama abu ya yi kyau, an yaba, an kuma amince maka da nauyi. Ban ce ki haɗiye maganarsa duka ba, don mutanen da ya tambaya ƙoshinsu suke. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 a Yulin 2024, a lokacin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, kuma dokar ma ba ta hau kan wurin da ba shi da ma'aikata 25 ko masu karɓar lada bisa yawan abin da suka yi ba, kuɗi ne farko, kuma kin kyauta da kika ƙara. Sai dai kin ba da kuɗi da dama, kin karɓe mutunci da hagu.

Ki sami dattijon a gidansa, ba a shago ba. Ki tafi da ɗan goro ko turare, ki gaishe shi da iyalinsa, ki ce Baba na zo a gaya mini yadda Hajiya take yi. Ki fi saurare. Daga nan ki naɗa shi shugaban aiki a gaban kowa, rabon ɗinki da duba shi kafin ya fita su koma hannunsa da sunanki. Ke ki riƙe kuɗi, da littafi, da sayen kaya, da masu kawo ɗinki, inda karatunki zai yi rana. Ikon da yake da shi a ɓoye gara ya fito fili ya zama ke kika ba shi. In wata ta yaba rigarta, kira wanda ya ɗinka da sunansa ya ji da kunnensa. Biyun da suka tafi kuma shi za ki tura ya yi musu magana, tsakanin salla da salla kwana saba'in ne, ba ki da lokacin jan aji. In bayan duk wannan kika ga hannunsa na shiga kuɗi, wannan wata wasiƙar ce daban.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe. Direba ne ni a wani kamfani a Gombe. An ɗauke ni tuƙa motar ofis Litinin zuwa Juma'a, amma yanzu Asabar da Lahadi ni ke kai uwargidan oga biki. Rannan har Dadin Kowa, sai sha ɗayan dare muka dawo, ko kuɗin komawa gida ba a ba ni ba. Wannan ma cikin aiki ne?
Wani direba ɗan Kumo.

AMSA: Ba ya ciki, malam direba. Amma taka ba irin ta mai siton can ba ce, ba haram aka sa ka ba, aikin da ba lada aka sa ka, don haka taka ta ciniki ce. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, ta kuma ba shi hutun kwana ɗaya cur a cikin kowane kwana bakwai. In ba a ba ka takardar ba, ka nema a ofis. Kada ka ƙi fita a gaban Hajiya, duk wanda ya kunyata oga a gaban matarsa ba ya ganin ƙarshen wata. Sami ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun mota, ka rubuta ranakun da aka fita da kai, da inda aka je, da ƙarfe nawa aka dawo, har wata guda. Sannan wata safiya kuna ku biyu a mota, ba ya waya, ka ce yallaɓai Asabar huɗu da Lahadi uku na yi wa gida a watan nan, ina roƙon a yanka mini wani abu a kan kowace fita, Lahadi ɗaya kuma a bar mini in je Kumo in ga tsohuwa. Ka faɗi adadin da kake so da bakinka, kada ka ce ko nawa ne. Ka rubuto mini abin da ya ce.